Kotson Gidan Ɗankwanda: Musa Ɗankwairo da Makomar Gadon Waƙa

Gabatarwa

A shekarar 1991 Allah ya yi wa Alhaji Musa Ɗankwairo Maradun rasuwa yana da shekara tamanin da 'yan kai. Fiye da shekara talatin ke nan, amma har yau da wuya a yi naɗin sarauta ko hawan salla a ƙasar Hausa ba a ji muryarsa tana tashi daga lasifika ba, kuma yaran da aka haifa bayan rasuwarsa suna yawo da waƙoƙinsa a cikin wayoyinsu. Masu nazari sun yi rubutu mai yawa a kan azancinsa da salon zambonsa da yadda yake sarrafa karin harshen Zamfara. Sai dai akwai wani ɓangare na tarihinsa da ya cancanci a ƙara tsayawa a kansa, wato gidan da ya fito. Ɗankwairo jikan makaɗi ne, ɗan makaɗi, ƙanen makaɗi, kuma uban makaɗa. Abin da muke ji a kaset muna kiransa waƙar Ɗankwairo aikin zuriya ne, wanda aka fara tarawa tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903.

Wannan maƙala za ta bi sawun wannan gida daga gona zuwa fada, daga fada kuma zuwa gidan rediyo da kasuwar kaset ta Kano. Za ta kuma leƙa wani gidan mawaƙa na ƙasar Ingila a ƙarni na 18, domin kwatancin ya taimaka wajen amsa tambaya guda: idan gida shi ne rumbun da ake ajiye waƙa, mene ne makomarsa ranar da na'ura ta koyi ajiye murya?

Gado da Haye

Bahaushe ya kasa masu sana'a gida biyu. Akwai ɗan gado, wanda ya buɗe ido ya tarar da kayan aiki a zauren ubansa, akwai kuma ɗan haye, wanda sha'awa ko neman abinci ya kai shi ga sana'ar da ba ta gidansu ba. Karin magana ta riga ta yanke hukunci tsakaninsu da ta ce na gada ya fi na koya. Masanin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau kuma ya wallafa nazari a kan roƙo a 1957, ya nuna cewa wannan rabo yana daga cikin ma'aunan da Hausawa suke auna matsayin mutum da su, ya kuma nuna cewa makaɗa da maroƙa suna can ƙasa a jerin daraja duk da kusancinsu da sarakuna. Wannan ya sa sau da yawa suke auratayya a tsakaninsu, auratayyar kuma ta ƙara kulle sana'ar a cikin dangi.

A kiɗan fada, gado yana da wani amfani da ya wuce alfahari. Makaɗin sarki ba ya waƙa sai da sani. Dole ya san asalin ubangidansa kaka da kakanni, ya san wanda ya kafa gari da wanda ya ci yaƙi, ya san kirarin kowane mai sarauta da takensa, ya san 'yan'uwan sarki da suka nemi gadon sarauta suka rasa, domin su ne abincin zambo da habaici. Irin wannan ilimi ba a rubuce yake ba, kuma ba a faɗa wa baƙo. Yaro yana tsintarsa ne a hirar dare da kan hanyar tafiya da bayan fage, inda uba yake gyara wa ɗa kuskuren da ya yi a gaban jama'a. Haka kuma ubangida kansa ana gadonsa: ɗan makaɗi yakan tashi ya tarar da ɗan sarki tsaransa, su girma tare, ranar da wannan ya hau karaga wancan ya riga ya san abin da ke faranta masa rai.

Shi ya sa manyan makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara kusan duk 'yan gado ne. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, ta wajen mahaifiyarsa ya gaji kiɗa. Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, ya karɓi kotso daga hannun mahaifinsa. Aliyu Ɗandawo ya bar wa ɗansa Sani sana'a da suna a Yawuri. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya shiga waƙa ba da son mahaifinsa ba, bai kuma taɓa zama makaɗin fada ɗaya ba. Gidan Ɗankwanda da Shata su ne bakin iyaka biyu na wannan tarihi, kuma za mu ga yadda zamani ya karkata daga ɗaya zuwa ɗaya.

Daga Gona zuwa Fada

Kakan Ɗankwairo, wanda ake kira Kaka Maiganga, makaɗin noma ne a ƙasar Bakura, kuma ɗansa Usman Ɗankwanda ya gaje shi a kan wannan sana'a. Kiɗan noma kiɗan gayya ne. Idan sarkin noma ko wani mai babbar gona ya kira samari, makaɗi yakan rataya ganga ya bi bayansu kunya bayan kunya, yana zuga wanda ya yi gaba, yana yi wa rago ba'a har kunya ta sa shi ya ƙara himma. Aiki ne na rana tsaka a fili, don haka yana buƙatar murya mai kai nesa da dogon numfashi da saurin tunani, domin makaɗi bai san wanda zai yi fice ba sai an fara. Wanda ya lura zai ga cewa kayan aikin waƙar fada duk suna nan a dunƙule: yabo ga gwarzo, zambo ga abokin hamayyarsa, da zuga mai sa mutum ya yi abin da bai yi niyya ba.

Usman Ɗankwanda shi ne ya sauya wa gidan alƙibla. Ya bar ƙasar Bakura ya koma Maradun, ya shiga hidimar Sarkin Ƙayan Maradun, ya ajiye gangar noma ya ɗauki kotso. Kotso ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai siffar kalangu, sai dai baki ɗaya kawai ake rufewa da fata, a liƙa nake a tsakiyarta don amo ya zauna. Ana rataya shi a kafaɗa, a kaɗa da yatsu ba da gula ba, a riƙa matsa tsarkiya ana sassautawa don sautin ya hau ya sauka kamar maganar mutum. Kiɗa ne na sarauta, ba a yi wa talaka shi komai dukiyarsa.

Wannan ƙaura ta canza tattalin arzikin gidan gaba ɗaya. Makaɗin noma yana jiran damina, ladansa kuma damin gero ne ko dawa idan kaka ta yi kyau. Makaɗin fada kuwa sarki ne ke ɗauke da shi rani da damina: riga da rawani da doki da gona, har da auren 'ya'yansa. Amma abin da aka ba shi da dama ana karɓar wani abu da hagu. Ba shi da ikon yi wa wani basarake waƙa sai da izinin ubangidansa, kuma kalma ɗaya da ta zame a gaban fadawa tana iya raba shi da gari. Gidan Ɗankwanda ya sayi kwanciyar hankali da 'yancinsa, kuma a wancan zamani ciniki ne mai riba.

Makarantar Cikin Gida

An haifi Musa a ƙauyen Ɗankadu na ƙasar Bakura a wajejen 1907, sunan mahaifiyarsa 'Yarnunu. Tun yana ɗan shekara shida zuwa bakwai ya fara bin mahaifinsa wurin kiɗa. Laƙabin da ya rufe sunansa na yanka ma a cikin ƙungiyar ya samo shi. Akwai wani mutum a tare da Ɗankwanda mai suna Kwairo, wanda aka sani da zaƙin murya. Da yaron ya fara amshi aka ji muryarsa tana kama da ta wancan, sai aka riƙa ce masa ɗan Kwairo, sunan ya bi shi har kabari. Akwai darasi a cikin wannan ɗan labari: gidan kiɗa ya fi dangin jini faɗi, domin barori da almajiran uba su ma malamai ne, kuma yaro yana iya gadon murya daga wanda bai haife shi ba.

Koyon kiɗa a irin wannan gida hawa-hawa ne. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya da shanya kotso a rana. Daga nan a bar shi ya tsaya a bayan manya yana maimaita gindin waƙa. Idan kunnensa ya nuna, a ba shi kotso. Idan hankalinsa ya nuna, a bar shi ya riƙa yin ƙari, wato ya cika ɗan waƙar da jagora ya fara ya bari. Shekaru masu yawa sukan wuce kafin a yarda ya ja waƙa da kansa, kuma akwai waɗanda suke tsufa ba su kai wannan matsayi ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya tattara tarihin makaɗan Hausa ya kuma tsara hanyar nazarin waƙar baka, ya bayyana waɗannan dabaru na rerawa da sunayensu, irin su ƙari da karɓeɓeniya da rakiya.

A nan ne asirin ƙungiyar Ɗankwairo yake. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne amshinta. Jagora yakan ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, wani sashe na 'yan amshi ya cafe ya kai ta gaba, wani sashen ya karɓe daga gare su, sannan duka su haɗu a kan gindin waƙa kamar murya ɗaya mai kauri. Babu takarda a gabansu, babu mai ɗaga musu hannu. Mutum ba ya iya cika maganar wani kafin ya gama ta sai ya daɗe yana jin yadda yake tunani, kuma babu inda ake samun irin wannan sabo kamar tsakanin waɗanda suka ci tuwo a akushi ɗaya tun suna yara. Ƙungiyar cike take da 'ya'ya da 'yan'uwa, kuma kunne yana jin wannan dangantaka ko da mai sauraro bai san sunan kowa ba.

Kurna, Daudu da Sardauna

Da Usman Ɗankwanda ya rasu, shugabancin ƙungiya ya koma hannun babban ɗansa Abdu Kurna, Musa kuma ya zama Daudun Kiɗi, wato mataimaki kuma mai jiran gado. Tsarin ya yi kama da na fadar da suke yi wa hidima, domin makaɗa sukan ari sunayen sarauta su raba wa junansu. Musa ya shafe shekaru masu yawa a wannan matsayi. Ya haura shekara hamsin kafin ƙasa ta san shi da sunansa, abin da zai ba mawaƙin yau mamaki, wanda yake son ya yi suna kafin gemu ya fito masa.

Abin da ya fito da shi daga inuwar wansa shi ne siyasar Jihar Arewa. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zama Firimiya a 1954. Basarake ne, jinin Shehu Usmanu, kuma ya san abin da kiɗan fada yake yi wa kwarjinin shugaba. Da ya nemi makaɗi daga Maradun, sai Kurna ya zauna a gida tare da ubangidansu, aka tura Musa. Waƙar da aka fi sani da Mai Dubun Nasara tana daga cikin abin da wannan haɗuwa ta haifar. A daidai wannan lokaci ne kuma aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna a 1962, ya riƙa ɗaukar makaɗa a faifai yana watsa su. Muryar da a da ba ta wuce ƙofar fadar Maradun ba sai ga ta a Katsina da Bauci da Maraɗi a dare ɗaya.

Ya kamata a lura da abin da wannan rabo ya jawo wa 'yan'uwan biyu. Kurna ne babba, shi ne magajin uba, kuma bisa tsohon ma'auni shi ne ya riƙe abin da ya fi daraja. Amma wanda aka tura waje shi ne ya haɗu da na'ura, shi ne kuma tarihi ya riƙe. Waƙoƙin Kurna da suka iso gare mu kaɗan ne idan aka gwada da na ƙanensa, har da yawa daga masu sauraron yau ba su san shi ba sai a matsayin wan Ɗankwairo.

An kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966. Abin da ya biyo baya ya girgiza ginshiƙin da makaɗan fada suka jingina da shi. A 1967 aka rushe Jihar Arewa aka yi jihohi, daga baya aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da sarakuna masu ba da shawara. Sarkin da ba ya riƙe da baitulmali ba zai iya ɗaukar nauyin ƙungiyar makaɗa shi kaɗai ba. Ɗankwairo ya fahimci haka, sai ya faɗaɗa zagayensa. Ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙoƙi da suke cikin mafi shahara a bakinsa, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero da Sarkin Zazzau Shehu Idris da wasu da dama. Ya zama makaɗin sarauta baki ɗayanta, kuma 'ya'yansa suna bayansa a duk inda ya sa ƙafa.

Wani Gida a Ingila

Kafin mu isa Kano, yana da kyau mu dubi wani gida da ya yi kama da wannan ta wata fuska, ya saɓa masa ta wata. Thomas Linley, wanda aka haifa a 1733, ɗan kafinta ne, wato ɗan haye. Ya zauna a garin Bath na Ingila yana koyar da waƙa yana shirya tarukan kiɗa, ya kuma mayar da 'ya'yansa ƙungiyarsa. 'Yarsa Elizabeth ta zama ɗaya daga cikin fitattun mawaƙan ƙasar tun tana budurwa. Ɗansa Thomas ƙarami, wanda aka haifa a 1756, ya ƙware a gogen Turawa har aka tura shi Italiya ƙaro ilimi, inda ya haɗu da Mozart a birnin Florence a 1770, dukansu biyu suna da kimanin shekara goma sha huɗu. A 1775 uba da ɗa suka haɗa hannu wajen tsara kiɗan wani wasan kwaikwayo na waƙa da surukinsu Richard Sheridan ya rubuta, shekara guda bayan haka kuma uban ya sayi kaso a gidan wasan Drury Lane na Landan.

Gidan bai daɗe ba. Elizabeth ta auri Sheridan a 1773, shi kuma ya hana ta waƙa a bainar jama'a, domin a can ma ana ganin waƙar neman kuɗi ba ta dace da matar mai mutunci ba. Thomas ƙarami ya nutse a wani tafki a 1778 yana da shekara ashirin da biyu. Ƙanwarsu Mary ta rasu a 1787, Elizabeth ta bi ta a 1792, uban ya rasu a 1795 bayan ya binne mafi yawan waɗanda ya horar. Da a ƙasar Hausa ne, da an ce kiɗan gidan ya mutu tare da su. Amma Turawa suna da alamomin rubuta sauti. An kwafe ayyukan Thomas ƙarami a cikin kundaye aka adana, suka kwanta fiye da shekara ɗari biyu, sannan a shekarun 1990 wasu makaɗa da ba su da dangantaka da gidan suka buɗe takardun suka kaɗa su aka ɗauka a faifai.

Kwatancin ya fito da abu ɗaya a fili. A gidan Linley takarda ce rumbu, 'ya'ya kuwa ma'aikata ne. A gidan Ɗankwanda 'ya'yan su ne ma'aikata kuma su ne rumbun. Duk abin da ya rage na Kaka Maiganga yana cikin maƙogwaron jikokinsa da tafin hannunsu. Saboda haka, a tsohon tsari, mutuwar uba ita ce ranar da darajar ɗa take cika: duk wanda yake son ya sake jin waƙar marigayi dole ya aika a kira magajinsa.

Kano, Masana'antu da Kaset

Abin da ya warware wannan tsari ya fi bayyana a Kano. Tun a shekarun 1950 aka keɓe Bompai don masana'antu, sannan kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya kawo Sharaɗa da Chalawa. Masaƙu da majemu da kamfanonin matse man gyaɗa da na robobi da na alewa suka cika waɗannan unguwanni, har Kano ta zama ta biyu bayan Legas wajen yawan masana'antu a Nijeriya. Paul Lubeck, wanda ya wallafa littafi a kan ma'aikatan kamfanonin Kano a 1986, ya nuna cewa da yawansu mutanen karkara ne da tsofaffin almajirai. Waɗannan su ne 'ya'yan waɗanda aka yi wa kiɗan gayya, sun bar garma sun kama inji, sun kuma fara karɓar albashi a ƙarshen wata.

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, amma sai a tsakiyar shekarun 1970 ya cika ɗakunan talakawa a nan, musamman bayan ƙarin albashin Udoji. Leburan da ya tashi daga aiki a Bompai ya koma ɗakinsa na haya a Dakata ko Birget yana iya danna maɓalli ya ji waƙar da aka yi wa Sarkin Daura, ya mayar da ita baya ya sake ji har ya haddace. A da sai wanda ya isa ƙofar fada yake jin kotso. Kasuwar Ƙofar Wambai kuma ta zama cibiyar kwafar kaset da rarraba shi zuwa sassan Arewa da ƙasashen maƙwabta, kamar yadda Brian Larkin ya bayyana a bincikensa.

Wannan ya yi wa gidan Ɗankwanda alheri, ya kuma yi masa illa. Alherin shi ne suna, wanda ya kai inda doki bai taɓa kai kakanninsu ba. Illa ta farko ita ce kuɗin kaset yana tsayawa a hannun mai kwafa da mai sayarwa, makaɗi kuwa sai abin da ubangida ya ba shi a fage. An yi dokar haƙƙin mallaka a 1988, amma kaset ɗin da ba a san wanda ya fara ɗaukarsa ba da wuya a bi sawun ribarsa. Illa ta biyu ita ce sababbin masu kuɗi, wato attajirai da 'yan kwangila da masu motocin haya, ba su da asalin sarautar da ɗan gado ya ƙware wajen jerowa, kuma al'ada ba ta ba su kotso ba. Kasuwarsu ta fi dacewa da makaɗi irin Shata, mai kalangu, wanda babu fadar da ta ɗaure shi. Zamani ya fara fifita ɗan haye.

Illa ta uku ta fi sauran zurfi, kuma ba ta bayyana ba sai bayan 1991. Kaset ya hana uba mutuwa. Mai biki ko mai naɗi da yake son waƙar Ɗankwairo ba ya buƙatar ya aika Maradun, domin Ɗankwairo da kansa yana cikin aljihunsa, da muryarsa ta lokacin ƙarfinsa, ba ya gajiya, ba ya neman masauki. Idan magada suka rera waƙar uba, sai a gwada su da kaset a ce ba su kai ba. Idan suka yi sabuwa, sai a ce ba irin ta tsoho ba ce. Musa bai taɓa fuskantar wannan ba, domin babu wanda yake da muryar Ɗankwanda a ajiye da zai auna shi da ita. Ya sami sararin da zai sauya abin da ya gada har ya zama nasa, kuma wannan sarari ne na'ura ta ƙuntata wa na bayansa.

Daga 1986, da shirin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, masana'antun Kano suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya saboda tsadar kayan aiki da ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kayan waje. A daidai wannan tsakani ne sana'ar fim ta kunno kai da Turmin Danya a 1990, ta kuma jawo ɗakunan ɗaukar waƙa masu amfani da fiyano. Lissafin a bayyane yake. Ƙungiyar kotso baki goma ce ko fiye, kowa da iyalinsa, ga kuɗin mota ga abinci. Saurayi ɗaya da fiyano da kwamfuta yana fitar da amon ganguna da yawa a yini guda. Fada ma ta karɓi sabon yayi: a 2018 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa Naziru M. Ahmad, mawaƙin situdiyo, Sarkin Waƙa.

Abin da Na'ura Ta Bari a Baya

Ana iya cewa babu asara, tunda waƙoƙin suna nan a intanet kowa yana ji. Wannan magana ta manta da bambancin da ke tsakanin tuwo da iya tuƙa shi. Kaset ya ɗauki waƙar da aka gama. Bai ɗauki yadda ake ɗaure fatar kotso da liƙa nake ba, bai ɗauki yadda jagora yake ba 'yan amshi sabon gindin waƙa su yi ta juya shi har ya zauna ba, bai ɗauki dalilin da ya sa aka ambaci wannan kaka aka tsallake wancan ba. Zambo da yawa a waƙoƙin fada an lulluɓe su da sunayen dabbobi da siffofi, kuma waɗanda suka san wa ake nufi 'yan ƙalilan ne, mafi yawansu a cikin gidan makaɗin. Ko takardun Linley sun fi kaset ta wannan fuska, domin takarda umarni ce ga mai son ya sake kaɗawa, kaset kuwa sakamako ne kawai.

Ga kuma halin da ƙasar Zamfara take ciki. Maradun da Tsafe da Bakura suna cikin yankunan da 'yan bindiga suka addaba fiye da shekara goma. Inda manomi yake tsoron zuwa gonarsa ba a kiran gayya, inda hanya ba ta da aminci makaɗi ba ya yawon fadoji. Tushen da kiɗan gidan ya tsiro daga gare shi da reshen da ya hau duk suna cikin matsi a lokaci guda.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bi gidan Ɗankwanda ta hawa uku: kaka mai gangar noma, uba da ya kai gidan fada, da 'ya'ya biyu da zamani ya raba wa rabo daban-daban. Ta nuna cewa gwanintar Musa Ɗankwairo ta tsiro ne daga tsarin da ya ba yaro shekara hamsin yana sauraro kafin a miƙa masa jagoranci, kuma rediyo da kaset da suka ɗaukaka sunansa su ne suka raunana wannan tsari.

Ba za a mayar wa sarakuna baitulmali ba, ba kuma za a karɓe waya daga hannun matasa ba. Amma akwai abin da ya rage a hannunmu. Sassan koyar da Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Gusau suna iya gayyato magadan waɗannan gidaje su zauna a aji a matsayin malamai masu albashi, a ɗauki yadda suke koyarwa da yadda suke shirya waƙa, maimakon a tsaya ga yi musu tambayoyin kundin digiri. Tsofaffin faya-fayen da ke gidajen rediyo suna buƙatar a mayar da su cikin kwamfuta tare da sunan kowane ɗan amshi, tun masu iya gane muryoyin suna raye. Masu cin riba da waɗannan waƙoƙi a intanet kuma ya kamata doka ta sa su san hanyar Maradun. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai ɗan barewa ma yana buƙatar fili kafin a ga gudunsa, kuma samar da wannan fili aikin masu sauraro ne da hukumomi da makarantu.